Na sabunta BIOS, shin har yanzu ina buƙatar ƙunshin maikirokod?

Ɗalibin Linux:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina amfani da Debian 12, wani nau'in Linux, a kwamfuta mai furosesar Intel (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato CPU), kuma cikin manhajojin da ake sabuntawa nakan ga ƙunshin intel-microcode. Tunda na riga na sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon kwamfuta wadda ke fara tayar da ita, me wannan ƙunshi zai ƙara mini? Ina kuma fargabar kada ya rubuta wa furosesar wani abin da ba zai gogu ba idan aka samu matsala.

Mai Kula da Sabar:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Maikirokod umarni ne na can ciki wanda furosesa ke bi wajen aiwatar da aikin da manhajoji ke ba ta, kuma gyaran da ake loda mata ba ya zama dindindin. Da zarar an kashe kwamfutar ya tafi, sai an sake loda shi a kunnawa ta gaba. BIOS ne ke fara loda nasa, sannan kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ya duba wanda ƙunshin ya ajiye cikin initramfs (ƙaramin fayil ɗin da ake fara lodawa lokacin kunnawa), idan ya fi sabunta ya ɗora shi tun kafin sauran tsarin ya tashi.

Amfaninsa kuwa babba ne, domin masu ƙera kwamfuta sukan daina fitar da sabon BIOS bayan 'yan shekaru, alhali Intel da AMD suna ci gaba da toshe ɓarakar tsaro. Spectre a 2018, da Zenbleed da ta shafi furosesocin Zen 2 na AMD a Yulin 2023, da Downfall ta Intel a Agustan shekarar, duk an buƙaci sabon maikirokod wajen magance su. A Debian 12 ƙunshin yana sashen non-free-firmware, don haka ka tabbata sashen yana cikin jerin ma'ajiyarka. Bayan ka sake kunnawa, ka duba layin microcode a /proc/cpuinfo, za ka ga lambar maikirokod ɗin da ke aiki.

Tsohon Hannu:
Maganar Mai Kula da Sabar gaskiya ce, sai dai fargabar mai tambaya ba ta rasa tushe ba. A Janairun 2018 gyaran farko da Intel ta fitar saboda Spectre ya riƙa sa kwamfutoci masu furosesocin Intel samfurin Haswell da Broadwell suna sake kunna kansu, har kamfanin ya ce a dakata da girka shi. A ganina ma wannan hujja ce ta lodawa daga Linux, domin idan abin ya ɓaci za ka iya rubuta dis_ucode_ldr a layin umarnin kanel don hana Linux loda sabon, ka tashi da tsohon na BIOS, ka cire ƙunshin, abin da ba shi da sauƙi haka idan gyaran yana cikin BIOS. Abin da ba na so shi ne loda shi kwamfuta tana tsakiyar aiki. Tun Linux 5.19 aka rufe wannan hanya sai wanda ya buɗe ta da gangan.

Malama Injiniya:
Kada dai a ɗauka ƙunshin ya wadatar a kowane hali. Gyaran maikirokod mai lamba 0x129 da Intel ta fitar a 2024, saboda yawan ƙarfin lantarki da ke lalata furosesocin ƙarni na 13 da na 14, ta BIOS aka rarraba shi. Idan kuma Debian ɗinka yana cikin kwamfutar kwaikwayo ne (virtual machine, wato kwamfutar da ke gudana a matsayin manhaja cikin wata kwamfuta), to nauyin lodawar yana kan babbar na'urar da ke ɗauke da ita.