Yaya ake lissafin kuɗin ranar injiniya?

Ina da ƙaramin ofishin zanen gine-gine a Kaduna, kuma ina biyan wani injiniyana albashin naira 400,000 a wata. Wani mai ba mu aiki ya raba kuɗin nan gida 22, wato ranakun aiki na wata, ya dage cewa abin da ya fito shi ne haƙƙinmu na kowace rana.

Na nuna masa cewa bayan albashi ina zuba kashi 10 cikin ɗari na fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada, da kashi 1 na asusun NSITF (na biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki), ga hayar ofis da man janareta da lasisin manhajar zane ta AutoCAD, amma bai gamsu ba. Inda na maƙale shi ne ranakun da injiniyan yake zaune babu kwangila, da na hutu, da waɗanda yake ɓatarwa wajen shirya takardun neman aikin da sau da yawa ba ma samu.

Don Allah, waɗanda suka daɗe a harkar, sau nawa kuke ninka albashi kafin ku yanka farashin rana, kuma harajin VAT na kashi 7.5 daban kuke rubuta shi?