Waɗanda suka buga Area 51 a gidajen gem na Katsina, ku zo mu tuna

Ɗan Ƙofar Kaura: Jama'a, wa ya buga Area 51 a PlayStation ta farko? Kamfanin Atari Games ya fitar da shi a 1995 don injinan gidajen wasa, ya iso PlayStation a 1996. Kai soja ne cikin rundunar STAAR, an tura ku wani sansanin sojan Amurka a jihar Nevada, inda halittun wata duniya da ake kira Kronn suka mamaye. Abin da ya riƙe ni shi ne mutanen ciki. Ba zane ba ne, 'yan wasa na gaske aka ɗauka a bidiyo aka dasa su. Kowa ya faɗi yadda ya ji.

Badauri: Ni tafiyar ce ta fara ba ni haushi. Ba ka da ikon juyawa dama ko hagu, kyamara ce ke janka inda ta ga dama, naka saiti da harbi kawai. Daga baya na gane daɗin ke nan, tunda ba ɓata hanya, hankalinka kacokan yana kan abin da zai faɗo.

Yaya Babba: Ƙanena, daɗin bai kai ba idan da hannun gem ka buga. Bindiga aka yi wa wasan nan. Harsashi ya ƙare, ka kawar da bakinta daga talabijin ka harba gefe, ta sake cika. A gidan da muke zuwa babu bindigar, sai ka yi ta jan alamar saiti da babban yatsa, kafin ka kai kan dodo ya riga ya illata ka. Kuma irin wannan bindiga sai tsohuwar talabijin mai ƙeya, ba ta aiki da filasma.

Ɗan Ƙofar Kaura: Wallahi haka ne, Yaya.

Na Sabon Layi: Ni abokan yaƙi ne suka fi wahalar da ni. Sojan STAAR zai ɓullo gabanka ba zato, hannu ya riga tunani, ka harbe shi, a cire maka rai. Da yake fuskar mutum ce sosai, sai da gabana ya faɗi. Wani ya taɓa gwada harbe ukun farko da gangan, ba tare da ya taɓa komai ba? Wasan juyawa yake ka koma ɓangaren Kronn.

Badauri: Ban taɓa sani ba! Mu tagogi da ganguna muke fasawa, muna neman ɓoyayyun ɗakuna. Wanda faifansa bai karce ba ya yi magana, zan shigo Katsina ranar Asabar.