Ƙarar da ke hana ni barci

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata niƙa ce, na daɗe ina aiki da inji a kasuwa, kuma tun ƙarshen damina nake jin wata siririyar ƙara a kunnuwana biyu, kamar kukan gyare, wadda babu mai jinta sai ni. Da rana hayaniya tana danne ta, amma idan dare ya yi sai ta hana ni barci. A gida an ce iska ce, wani kuma ya ba ni mai in riƙa ɗigawa. Ina neman shawararku.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ka lafiya. Injin na fi zargi. A can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke karɓar sauti, ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma ba sa sake tsirowa. Ƙwaƙwalwa kuwa, idan ta rasa saƙon da ta saba samu, sai ta ƙirƙiro ƙarar da kanta. Ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) tana iya yin lahani ga wanda yake awa 8 a cikinta kullum, kuma muddin sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to kana cikin wannan haɗarin.

Duk da haka a duba wasu dalilan: dauɗar kunne da ta daskare, hawan jini, da magunguna irin su kwinin, allurar jentamaisin da asfirin mai yawa. Ka ajiye man nan har likita ya leƙa kunnen, domin idan akwai huji a ciki zai ƙara maka ciwo. Ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a gwada jinka. Idan kana kusa da Kaduna, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Idan kuwa ƙarar ta koma kunne ɗaya, ko tana bugawa tare da zuciya, ko ta zo da jiri ko kurumta farat ɗaya, kada ka kwana ba ka ga likita ba.

Wani dattijo: Ɗana, ni tsufa ne ya kawo mini tawa, kuma ba ta tafi ba, sai dai na daina lura da ita. Shiru ne yake ƙara mata ƙarfi, saboda haka ina kwana da fanka, idan babu wuta in kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Damuwa da rashin barci ma suna tayar da ita. Ka sayi abin toshe kunne na roba don wurin aiki, domin auduga ba ta tare ƙarar inji, kuma ka saya wa yaran da ke taya ka nasu.