Tayar tirelar kwana ta fashe min sau biyu a tafiya ɗaya, ina matsalar take?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Amurka da ke jan tirelar kwana da mota, wato ɗan gidan nan mai tayoyi da ake kwana a cikinsa idan an yi tafiya. Ina neman shawararku, don abin ya fara tsorata ni.

A watan Yuli muka taso daga Houston za mu San Antonio a kan babbar hanyar I-10, ni da mai ɗakina da yara uku. Ba mu yi awa biyu ba na ji ƙara kamar harbin bindiga, tirelar ta shiga lilo. Tayar baya ta dama ce ta yi kaca-kaca, wayoyin cikinta suka yage ƙarfen da ke samanta har da bututun ruwa. Na sa safaya. A hanyar dawowa ta gabanta, a ɓangaren nan dai, ita ma ta tashi.

Iska na auna da sassafe kafin tayoyin su yi zafi, PSI (ma'aunin iskar taya) 50 cif kamar yadda aka rubuta a jikinsu. Gudu ban wuce mil 65 a awa ba. Zanen tayoyin kuwa kamar sababbi, sai dai lambar DOT da ke jikinsu, wadda ke nuna lokacin da aka yi taya, ta ƙare da 2219, wato mako na 22 na 2019 aka yi su.

Mai faci ya ce tsufa ne da zafin kwalta. Amma me ya sa ɓangaren dama kaɗai? Tankin ruwa da firji duk a can suke, kuma na cika tankin. Ko ta biyun ta ji jiki ne lokacin da ta ɗauki nauyin 'yar uwarta? In sauya duka tayoyin tirelar huɗu da masu ɗaukar nauyi fiye da waɗannan, ko in fara kai tirelar sikeli tukuna? Da yara a mota ba zan sake hawa hanya a haka ba.