Shiga karatun zanen gine-gine: ko rashin darasin TD (Technical Drawing, wato zanen fasaha) yana hana samun gurbi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙanwata tana aji uku na babbar sakandare a ɓangaren kimiyya, kuma ta ƙudurta karanta zanen gine-gine a jami'a. Abin da ya dame mu shi ne makarantarsu ba ta da malamin TD, saboda haka ba za ta zauna wannan darasi a WAEC ko NECO ba. Ina roƙon masana su bayyana mana ko hakan zai hana ta samun gurbi, da darussan da za ta cike a JAMB, da kuma abin da ya kamata ta fara koyo tun yanzu.

Malamin sakandare:
Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin a mafi yawan jami'o'in Najeriya TD yana cikin darussan zaɓi ne kawai. Abin da ba a sassauta shi shi ne kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu, waɗanda dole su haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks, sannan sauran biyun su fito daga irin su Kemistiri, Labarin Ƙasa, Tattalin Arziki, Zane-zane ko TD. A JAMB za ta ɗauki Turanci da Lissafi da Fiziks, ta ƙara da ɗaya, kuma Kemistiri ya fi mata sauƙi tunda tana karanta shi. Sai dai ku duba kundin JAMB na bana kafin cike fom, saboda kowace jami'a tana da nata ƙarin sharuɗɗa da tantancewar bayan jarrabawa. Idan makin bai kai ba, tana iya yin difloma ta shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha, ta nemi shiga aji biyu kai tsaye.

Tsohuwar ɗalibar sashen:
Malam ya gama magana kan takardu, ni kuma zan tsaya kan abin da ke jiranta a ciki. Rayuwar wannan karatu a situdiyo take, wato ɗakin da ɗalibai ke aikin zane. Za a ba ta aiki, misali gidan iyali ko asibitin unguwa, ta yi makonni tana zana shi, ta yanka kwali ta haɗa ɗan samfurinsa, sannan ta manna takardun a bango ta tsaya a gaban malamai ta kare kowane layi: me ya sa tagar ɗaki take kallon yamma inda rana ke duka, ta ina iska za ta ratsa, ina ruwan sama zai bi. Wanda ba ya jure gyara a bainar jama'a yakan sha wahala fiye da wanda lissafi ke ba wa matsala. Shawarata ita ce ta sami littafin zane da fensir, ta riƙa zana abin da take gani kullum, ta auna ɗakinta da tef ta sauke shi a takarda bisa ma'auni. Manhajojin zane na kwamfuta irin AutoCAD da Revit za su zo daga baya, amma ku fara tanadin kwamfuta mai ƙarfi da kuɗin takardu da bugawa, domin suna cin kuɗi sosai.

Mai zanen gine-gine:
Ya kamata iyali su san tsawon tafiyar tun da wuri. A jami'a irin Ahmadu Bello ta Zariya, wadda sashenta na zanen gine-gine ya fi kowanne daɗewa a ƙasar nan, digiri na farko shekara huɗu ne, a jami'o'in fasaha irin ta Minna kuwa biyar ne. Wannan digiri kaɗai ba ya ba mutum izinin sa hatimi a kan zane. Sai ya yi digiri na biyu, ya yi aiki a ƙarƙashin gogaggen mai zane, ya ci jarrabawar ƙwarewa, kafin hukumar ARCON mai kula da masu zanen gine-gine, wadda dokar 1969 ta kafa, ta yi masa rajista. Idan kuna da hali, ku kai ta Gidan Makama a Kano ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, ta ga yadda aka ɗaure bakan gizo, wato ginshiƙin da ya lanƙwaso kamar baka, da azara har ya ɗauki nauyin rufin ƙasa, ta zauna ta zana shi da hannunta.