Wayar ƙarƙashin daɓen jirgina ta rikice, dole sai na ɓalle katakon?

Mai Fito: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin kogi ya ƙara cika. Jirgin faiba ne mai tsawon mita 6, ni da surukina muka haɗa kuɗi muka saya. Shi ya nace sai injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, ni na ce 25 ya isa, aka yi ta ja-in-ja har sai da yayana ya sa baki, ƙarshe dai 40 ɗin aka ɗaura. Manoma da kayansu muke tsallakarwa a kogin Kaduna, wajen Rafin Guza. Da rani na sa kafinta ya yi daɓen katako don buhuna su daina jiƙewa, kafin ya rufe na shimfiɗa waya a ƙasa. Yanzu famfon kwashe ruwa sai gurnani, ba ya turawa, in na kunna shi fitilar gaba ta dushe, batir kuma ya kwana cike ya tashi babu komai. Suruki ya fara guna-guni. Yaya zan yi ba tare da na taɓa daɓen ba?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, ka ba mu labarin suruki ka bar na waya. Wace iri ce, kaurin nawa? Ina batir yake? Akwai fiyus? Akwai haɗi a ƙarƙashin katakon?

Mai Fito: Wayar gida ce mai kaurin sikwaya milimita 1.5, mai sili ɗaya, sabuwa dal. Batir yana gaba don nauyi ya daidaita, makunnai suna baya. Haɗi ɗaya ne a tsakiya, na naɗe shi da salatif sosai. Fiyus ya yi ta ƙonewa, sai na haɗe wurin.

Injiniya: To cire kan batir yau, kafin komai. Fiyus ba famfo yake tsaro ba, waya yake tsaro. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙarƙashin daɓe yake taruwa, kai kuma ka ajiye masa waya marar fiyus da haɗin salatif.

Wayar gida mai sili ɗaya ba ta jure girgizar inji, karyewa take a cikin robarta. Kauri kuma ga lissafi: daga gaba zuwa baya mita 6, zuwa da dawowa 12. In famfo na jan amfiya 5, waya 1.5 za ta cinye kusan volt 0.7, wato kashi 6 cikin ɗari na volt 12, tun haɗin bai yi tsatsa ba. Waya 2.5 za ta ci 0.42, waya 4 kuma 0.26. Famfo da fitilar tafiya ba a so asararsu ta wuce kashi 3, saboda haka 4 za ka sa. Je wurin masu kayan sola ka sayi wayar farantin sola mai 4: silille gare ta, tagulla ce da aka shafe da kuza, riga biyu. Ja da baƙa, kowacce ta tafi a miƙe ba haɗi. Fiyus a jar waya, kada ya wuce santimita 18 daga kan batir, sannan famfo da fitila kowa da nasa. Girman na famfo yana rubuce a jikinsa ko a kwalinsa.

Oga Riwaya: Ranka ya daɗe, kuzar nan ta mutanen teku ce, kogin Kaduna ba gishiri. Wayar mota mai silille ta isa. Kuma ruwan daɗi ba zai shanye batir cikin dare ɗaya ta haɗi guda ba. Ɗan'uwa, auna batirin bayan ya huta: volt 12.6 cikakke ne, 12.0 ya yi ƙasa sosai. Ka kashe komai, ka cire baƙar waya, ka sa mitar awon wuta a ma'aunin amfiya tsakaninta da kan batir. In ba ta nuna komai ba, batirinka ne ya mutu.

Baba Mai Sola: Duk wannan sai in waya ce ta gaskiya. Kasuwa ta cika da alminiyam mai rigar tagulla, an buga 4 a jiki alhali bai kai 2.5 ba, in aiki ya lalace mu masu haɗawa ake zagi. Kankare sili ɗaya da reza: fari a waje, ja a ciki, ita ce mai kuza. Ja a waje, fari a ciki, bar musu kayansu. A damshi gari take zama.

Injiniya: Oga, ko babu gishiri, haɗin da ke ɗauke da wuta in ya jiƙe cinyewa yake, ya yi kore, koren ya bi ta cikin roba. Shi ya sa fitila ke dushewa, waya ɗaya suke sha da famfon.

Malam, ba sai ka ɗaga daɓen duka ba. Yanke tsohuwar ta kai biyu ka bar ta a ciki. Bi da bututun roba na PVC mai faɗin milimita 25 ta gefen jirgi, can sama inda ruwa ba ya kwanciya, ka huda shi ta ƙasa a wuraren da ya lanƙwasa don ruwa ya tsiyaye, ka ɗaure duk santimita 45. Inda waya ta ratsa katako ko faiba, sa zoben roba. Kada ta haɗa hanya da tiyon fetur. Ka bar igiya a cikin bututun don jan wata gaba. Bakin waya a matse shi da kai mai zobe, a rufe da robar nan mai gam da ke tsukewa in ta ji zafi. Silikon mai warin tsami kada ya taɓa tagulla, cin ta yake.

Oga Riwaya: Matsewa da filaya? Zamewa za ta yi. Dalma za a sa.

Injiniya: Ba filaya na ce ba, abin matsewa na ainihi. Dalma tana sandarar da silille, daidai inda ta ƙare nan waya ke karyewa.

Mai Fito: Na gode ƙwarai, amma bututu a gefe buhuna za su fasa shi, shi ya sa tun farko na bi ta ƙasa. Wayar kuma ba ta banza ba ce, mai tsada na saya. Ba zan iya ɗaura sabuwa a jikin tsohuwar in jawo ba?

Baba Mai Sola: In kafinta bai danne ta da ƙusa ba. Ka kuwa duba bakin famfon? Ɓawon masara da yashi kaɗai sun isa su sa shi gurnani ya ƙona fiyus.

Injiniya: Ko ta jawu, cikin ruwan za ta sake kwanciya. Mayar da batir baya cikin akwatinsa, nesa da tanki, wayar famfo ta koma mita ɗaya. Ka cire kan batirin kuwa?

Mai Fito: Baya akwai tanki da inji, nauyi zai yi yawa, suruki ma ba zai yarda ba. Gobe akwai lodin masara da sassafe, zan dai mayar da fiyus mai ɗan girma tukuna. Wa ke da mita a wajen Kawo ya ara mini?