Ina neman kalmar Hausa: 'yar robar nan ta cikin famfo

Mai Shirin Mata: Salamu alaikum. Jibi zan ɗauki shiri a rediyo kan yadda uwargida za ta gyara famfo mai ɗiga ba sai ta jira mai gyara ba. Na makale a kan 'yar faifan robar nan da ke ƙasan sandar famfo, wadda idan an murɗa kai take danne ramin ruwa. Turawa na ce mata washer. Me zan kira ta? Don Allah a taimaka kafin gobe da yamma.

Ɗan Kofar Ruwa: Hajiya, wosha muke cewa, mu da makanikai duka. Ki je kowane shago ki ce a ba ki woshar famfo ta rabin inci, za a miƙo miki.

Maman Biyu: Ni robar famfo na sani.

Malam Nahawu: Wosha kuma? Harshe mai awon sunan kayan aiki a hannunsa zai tafi aro? Buɗe ya ba mu mabuɗi, toshe ya ba mu matoshi. Amma ni wanda ya fi kwanta mini shi ne gammon famfo. Ku dubi siffarsa: zagaye ne, da rami a tsakiya, yana shiga tsakanin abu biyu masu tauri don kada su ci juna. Ina bambancinsa da gammo?

Ɗan Kofar Ruwa: Malam, gammo kaya yake ɗauka, ba ya tare ruwa. Kuma roba biyu ce a famfon. Idan ta baki yake ɗiga bayan an rufe, wosha ce ta cinye, ko kuma mazauninta ya zaizaye saboda yashin ruwan burtsatse. Idan kuwa sai an buɗe ruwa ke tsattsafowa ta ƙarƙashin mamurɗi, wannan ɗan zoben da ke jikin sanda ne. Wanne ne gammon?

Malam Nahawu: Babban gammo da ƙaramin gammo.

Badamagare: Mu a Damagaram juwan za ka ji masu gyara na faɗi, daga Faransanci. Wanda ya saurara daga nan bai san wosha ba. Robar famfo dai kowa zai gane.

Malam Nahawu: Kun gani? Kano ta ari na Ingila, Damagaram ta ari na Faransa, Bahaushe ya kasa fahimtar ɗan'uwansa. Da 'yan jarida sun yi tsayin daka irin na mutanen Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da ba mu kai nan ba. Yanzu kowa so yake a ce ya waye.

Maman Biyu: Allah ya gafarta Malam, shi kansa famfon daga ina ya zo? Da sifana da sukudireba? In za mu kore su, da me za a kwance kan?

Malam Nahawu: Waɗannan sun riga sun zama 'yan gida. Wadda ba ta shigo ba tukuna ita nake tarewa a zaure.

Ɗan Kofar Ruwa: Ta shigo tun ina yaron shago, ku ne dai ba ku leƙo kasuwa ba.

Ɗalibin BUK: In dai ƙirƙira za a yi, me zai hana hana-ɗiga, a kan awon hana-salla? Ya faɗi aikin kai tsaye.

Malam Nahawu: Ba laifi, amma bai kai gammo ba.

Mai Shirin Mata: Jama'a, minti 15 ne shirin. Abin da nake so shi ne mace ta rufe ruwa daga tanki, ta buɗe famfon ragowar ya tsiyaye, ta toshe ramin kwatami kada ƙaramin noti ya faɗa, ta kwance, ta ɗauki tsohuwar ta kai shago a ba ta daidai ita. Sunan da mai shago ba zai gane ba bai amfane ta ba.

Ɗan Kofar Ruwa: Ki ƙara musu da cewa su daina matse famfo da ƙarfi, shi ke kashe robar. Sannan na zamani da ake juyawa kwata ya rufe, babu wosha a cikinsa, faifan tangaran biyu ne. Shi duk cikin ake canjawa.

Mai Shirin Mata: To shi kuma cikin me sunansa?

Ɗalibin BUK: Zuciyar famfo?

Badamagare: Kada ku sake tayar da Malam.

Mai Shirin Mata: Shi ke nan. Zan ce robar famfo, wadda masu gyara ke kira wosha, ɗayan kuma zoben roba. Na zamanin sai dai in kwatanta shi. Na gode.

Malam Nahawu: Zoben roba na yarda. Amma Hajiya, ko sau ɗaya ki ambaci gammo, mu ji abin da masu sauraro za su ce.

Mai Shirin Mata: In lokaci ya ragu, Malam.